Umarnin da Ba a Rubuta Ba

Shekarar da Hye-rim ta cika goma sha tara aka kori mahaifinta daga aikin sojan ruwa. Sunansa Pyo Dong-ryul, matsakaicin hafsa ne a Jinhae da ke kudancin Koriya, shi ke kula da ɗakin na'urorin da ke hango jiragen ruwa tun daga nesa. Mutum ne mai bin ƙa'ida har ya ba da haushi, wanda ko titi babu mota ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi hannu.

Laifinsa shi ne yana ɗaga waya yana magana da wani hafsan Japan. A wancan lokaci ƙasashen biyu duk mulkin dimokuraɗiyya suke yi, duk ƙawayen Amurka ne, kuma teku ɗaya suke gadi, amma babu ɗan siyasar Koriya da zai yarda a gan shi yana ƙulla wani abu da jikokin waɗanda suka mallaki ƙasar shekara talatin da biyar. Sai aka riƙa yin abin ta bayan gida. Wata safiya shugabansa, Gil Sang-cheol, ya ja shi yawo bakin ruwa, nesa da ofis, ya rubuta masa lamba a jikin kwalin sigari. Ya ce in ya hango jirgin da bai gane ba ya nufi gabas, ya kira wannan lambar, wani Moriwaki zai ɗauka, shi ma in ya ga wani abu zai kira. Pyo ya nemi takardar umarni. Gil ya yi dariya, ya ce irin wannan aiki ba a rubuta shi, maganarsa ta isa.

Shekara uku ana haka. Saura wata biyu zaɓe wata jarida ta samo labarin, gari ya ɗauka. Aka kafa kwamitin bincike. Gil ya tsaya gaban kwamitin da lambobinsa reras a ƙirji, ya rantse bai taɓa jin sunan Moriwaki ba, ya ce hankalinsa ya tashi da ya ji wani na ƙarƙashinsa yana irin wannan abu shi kaɗai. Aka tuɓe wa Pyo muƙami. Wasu suka zo da jan fenti suka rubuta "karen Japan" a ƙofar gidansu. Matan hafsoshi suka daina amsa gaisuwar mahaifiyarta. Suka kwashe kaya suka koma Tongyeong, garin su uwar, inda Pyo ya sami aikin shanya ƙananan kifaye. Bai taɓa zagin kowa ba. Abin da yake yi kawai shi ne rubuta takardar koke duk farkon shekara, a amsa masa da layi biyu cewa ana nazari. A shekara ta shida zuciyarsa ta tsaya yana tsugune a kan tabarmar kifi.

Hye-rim ta je kotu ta canza sunan gida zuwa na uwarta, ta zama Yuk Hye-rim, don duk inda ta kai takardar neman aiki sai an ɗago an kalle ta. Yaren Japan kuwa a wurin uban ta fara koyonsa, lokacin da yake haddace kalmomi saboda wayar nan. Ta riƙe shi, ta zama tafinta, kuma ta ƙware har manya suka fara neman ta da suna.

Kafin nan iska ta juya. Jiragen ruwan Sin sun yi yawa a tekun, ƙanana da manya, kowace ƙasa ta gane ita kaɗai ba za ta iya ba. Abin da aka kori Pyo a kansa ya zama abin yabo. Sau biyu a shekara tsofaffin hafsoshi da malaman jami'a daga Koriya da Japan da Ostareliya da Filifin suna haɗuwa a wani ƙaramin otal a kudancin tsibirin Jeju na Koriya. Babu tuta, babu sa hannu, ana karɓe wayoyi a bakin ƙofa, abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake tsayawa. Gwamnatoci suna cewa ba da yawunsu ake yi ba, amma duk abin da aka tsayar a teburin taron, bayan wata uku sai ka gan shi yana aiki a teku. Wanda ke shugabantar teburin shi ne Gil Sang-cheol, yanzu Jedok Gil, babban hafsa mai ritaya ɗan shekara saba'in da ɗaya, wanda ake raɗe-raɗin za a naɗa shi jakada na musamman kafin sabuwar shekara.

Shekara biyar Hye-rim ta yi tana matsowa kusa da teburin nan. Ta karɓi ayyukan da wasu suka raina, ta yi wa matar wani mataimakin Gil tafinta a asibiti kyauta, ta jure zama bayan mutanen da ba su iya gama jimla ba. A zaman kaka na shekara ta goma sha bakwai da korar ubanta, aka ba ta kujerar da ke bayan kafaɗar Gil ta hagu.

Ba Gil ta fara nufa ba. Ranar farko da safe, kafin a buɗe zama, ta bi Moriwaki cikin gonar lemo da ke bayan otal ɗin. Tsoho ne siriri, yana tafiya da hannuwa a baya, yana duba 'ya'yan lemo kamar shi ya shuka su.

"Moriwaki-san, ni ce tafintar ɓangaren Koriya. Ina neman minti biyar."

Ya rusuna kaɗan. "Yarenmu ya zauna a bakinki. A Tokyo kika yi karatu?"

"A teburin cin abincinmu na fara. Mahaifina ya koya mini. Pyo Dong-ryul."

Tsohon ya tsaya. Ya cire hularsa.

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba," ya ce. "Shekara uku muryarsa kawai na sani. Kullum sai ya fara da tambayar yanayin gari a wajenmu, kamar dole ne. Na ji ya rasu."

"Kun san wanda ya ba shi lambarku."

"Na sani."

"To ku faɗa. Layi uku a takarda, da sunanku a ƙasa. Ba na neman komai bayan wannan."

Moriwaki ya juya hular a hannunsa. "Malama, kin san abin da ke kan teburin nan a wannan makon. Muna so mu tsayar da yadda masu gadin teku na ƙasa huɗu za su riƙa kiran juna kai tsaye. Shekara takwas muna lallaɓa wannan magana. In na fito na ce shugaban teburin ya yi rantsuwar ƙarya, jaridunku za su ce Bajapane ya zo yana tona asirin hafsan Koriya, jaridunmu za su ce ga irin mutanen da muke ba sirrinmu. Wa zai ji daɗi? Kin san wa. Suna can tsallaken ruwa suna jiran rana irin wannan."

"Lokacin ma haka aka ce. An ce a yi shiru saboda ƙasa."

"Haka aka ce. Ni ma na yi shiru, kuma ban taɓa jin na yi daidai ba." Ya dube ta. "Ki jira. In abin ya kafu, shekara biyu ko uku, zan rubuta."

"Shekarunku nawa, Moriwaki-san?"

"Saba'in da shida."

"Na gode da minti biyar ɗin."

Ta koma ciki ta zauna bayan Gil, ta yi aikinta har yamma ba ta kuskure kalma ɗaya ba. Tana kallon ƙeyarsa, da gashin da ya rina baƙi, da yadda yake buga yatsa a tebur in wani yana magana. Ta lura da abu ɗaya: duk lokacin da aka yabi Moriwaki, yatsan sai ya tsaya.

Da aka tashi cin abincin rana washegari, ta karɓi wayarta ta kira uwarta. Yuk Mal-sun tana da ƙaramin shagon miyar kifi kusa da kasuwar Tongyeong, ana jin ƙarar cokula a bayanta.

"Omma, ina Jeju. A bayan Gil Sang-cheol nake zaune."

Ƙarar cokulan ta yi nisa, alamar uwar ta shiga kicin. "Ya gane ki?"

"'Yar tafinta yake ce mini. Ko sunan Yuk ɗin bai riƙe ba."

"Ya tsufa?"

"Ya yi ƙiba. Lafiyarsa ƙalau."

 Hye-rim ta zaci uwar za ta ce mata ta rufa wa kanta asiri, ta tuna aikinta. Sai ta ji ta ce, "Ubanki takarda ya yi ta rubutawa har ya mutu. Ke kada ki rubuta takarda. Kuma in za ki yi, kada ki yi rabi ki dawo mini nan kina kuka. Kin ci abinci?"

"Yanzu zan ci."

"Ki ci da yawa."

Damar ta zo da yammacin ranar. Gil ya ce a kai shi ya ga wani tsohon abokinsa a cikin gari, ya ce tafinta ta biyo shi ta karanta masa takardun da ɓangaren Japan ya raba. A mota ta karanta masa biyu, sannan ta ɗauko ta uku. Ba ta ƙirƙiri komai ba. Wata malamar jami'a daga Ostareliya, Farfesa Tregear, tana haɗa ɗan littafin tarihin teburin don mahalarta kawai, ta nemi kowane ɓangare ya rubuta abin da ya tuna.

"Jedok-nim, wannan ta tarihi ce. In tsallake?"

"Me suka ce?"

"Sun ce tushen abin wayar da aka riƙa yi ce shekara ashirin baya. Sun ce Moriwaki-san ne ya fara, tare da wani hafsa daga wajenmu, Pyo. Sun kira su mutum biyu da suka hango abin da shugabanninsu ba su hango ba."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Sunanku yana shafi na huɗu, inda aka ce kun shigo bayan an kafa teburin."

Gil ya juyo gaba ɗaya. "Na shigo?"

"Haka aka rubuta. Ina jin sun bi abin da ke rubuce ne, Jedok-nim. A takardun kwamiti ai kun ce ba ku san komai ba." Ta gyara takardun a cinyarta. "Na ji Farfesa tana cewa za a aika littafin ofisoshin da ke duba maganar jakada. Suna son su san wanda ya fi kowa daɗewa a cikin abin."

"Pyo," in ji Gil, ya yi tsaki. "Pyo da ko fitsari ba ya zuwa sai ya nemi izini. Shi ne ya hango? Ke 'yar tafinta, shekararki nawa a lokacin?"

"Ina makaranta, Jedok-nim."

"To ba ki san komai ba. Waɗannan 'yan tsibirin Japan haka suke, ka dafa su cinye, su ce su suka yi girki."

Ya juya ya fuskanci titi har suka isa. Ita kuma tana kallon taga, tana jin zuciyarta tana bugawa a hankali, daidai, kamar ba tata ba.

Zaman rufewa da ƙarfe goma na safe ne a rana ta uku. A bakin ƙofa ta ajiye wayarta a kwando kamar kowa. Babu mai duba alƙaluman tafinta, don kowa ya san da su take aiki. Guda huɗu ta shiga da su, ɗaya baƙi mai ɗan kauri, mai naɗar murya, wanda ta saya tun bara ta gwada shi sau da yawa a ɗakinta. Ta danna kansa, ta ajiye shi kan littafinta.

An gama maganar kiran gaggawa tsakanin masu gadin teku, kowa ya yarda, mutumin Filifin har ya tafa. Sannan Farfesa Tregear ta ce tunda saura rabin sa'a, tana so dattawa biyu su faɗi yadda abin ya faro, don na baya su ji. Ta fara duban Moriwaki. Kafin ya buɗe baki Gil ya ja makirufo gabansa.

"Akwai gyara a takardar da aka raba," ya ce. "Tunda muna ɗakin da magana ba ta fita, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba."

Hye-rim ta juya wannan zuwa yaren Japan, wani tafinta kuma ya juya wa sauran zuwa Turanci. Moriwaki ya ɗago kai. Bai kalli Gil ba, ita ya kalla, sannan ya kalli alƙaluman da ke gabanta. Ya ɗaga hannu ya yi magana da sauri.

Ta juya wa Gil maganar kamar yadda take, ba ƙari ba ragi. "Ya ce gara a bar tarihin nan yadda yake, Jedok-nim. Ya ce ba lallai ne ku shiga cikinsa ba."

Kunnuwan Gil suka yi ja. "Ki ce masa na gode, amma ni ma ina da baki."

Sai ya faɗa. Ya faɗi safiyar, ya faɗi bakin ruwan, har kwalin sigarin bai manta ba. Ya ce shi ya zaɓi Pyo saboda mutum ne da ba ya tambaya sau biyu. Ya ce ko minista bai sani ba, shi kaɗai ya ɗauki nauyin abin. Farfesa ta tambaya a hankali, to me ya faru gaban kwamiti?

"Zaɓe saura wata biyu," in ji Gil. "Da na amsa, da an rufe layin har abada, da yau ba ma zaune a nan. Dole wani ya faɗi. Kai ba ya faɗuwa saboda hannu. Pyo hannu ne, kuma gaskiya ba mutumin da zai yi nisa ba ne ko da an bar shi. Na ji tausayinsa, amma in yau ce zan sake yin haka."

Aikin tafinta shi ne ta yi magana da bakin mai magana. Don haka Hye-rim ta buɗe baki, a gaban mutum ashirin da biyu, ta ce da yaren da ubanta ya koya mata: ni na ba da umarnin, ni na rantse ban sani ba, Pyo hannu ne, ba mutumin da zai yi nisa ba ne. Muryarta ba ta yi rawa ba. Har inda Gil ya ɗan yi dariya ta bar gurbi daidai tsawon dariyar. Moriwaki ya rufe ido, ya kwantar da hannuwansa biyu a kan tebur.

Sai wani ya ce abin da Gil ya yi jarumta ce, aka ɗan tafa, aka tashi.

A banɗakin mata ta haɗa alƙalamin da wayarta. Akwai wata 'yar jarida da ta daɗe da sani, wadda shekara uku da suka wuce ta gaya mata cewa labarin ubanta ba zai fita ba sai da murya. Ta aika mata muryar. Ta tsaya har ta ga alamar an buɗe, sannan ta wanke hannu ta fito.

Motar filin jirgi ɗaya aka ba su, ita da Gil. Yana cikin nishaɗi, ya kwance ɗamarar wuyansa, yana ba direba labarin yadda ya kama wani ƙaton kifi a nan gaɓar. Da suka hau babban titi ya juyo gare ta.

"Kin yi ƙoƙari, 'yar tafinta. In na tafi Tokyo zan neme ki. Me ma sunanki?"

"Yuk Hye-rim. Amma da shi ba a haife ni ba, Jedok-nim. Sunan gidanmu Pyo."

Ya ci gaba da murmushi na ɗan lokaci, don maganar ba ta isa ba tukuna.

"Kun taɓa zuwa gidanmu a Jinhae," ta ce. "Ranar bikin girbi. Ni na kawo muku ruwan wanke hannu. Kun ce wa Appa ya haifi 'ya mai nutsuwa."

Murmushin ya tafi. Ya dubi direba, ya rage murya. "Me kike so?"

"Na riga na samu. Abin da kuka faɗa da safe yana wajen jarida tun sha ɗaya da rabi."

"Ba a shiga da waya."

"Ba a shiga da ita."

Ya ja numfashi ta baki. Da ya sake magana, muryar hafsa ce, wadda ya saba ba da umarni da ita. "Kin san abin da kika yi? Ba ni kika taɓa ba. Ƙasa huɗu kika taɓa. Daga yau babu wanda zai sake buɗe baki a ɗakin da ɗan Koriya yake. Can Sin kuwa yau biki za su yi, ke kika kai musu kyauta har gida. Ubanki soja ne, da yana raye da shi zai fara marin ki."

"Wataƙila. Ya kasance mai biyayya ƙwarai, kun faɗa da kanku."

"Zan sa a ɗaure ki."

"Ku sa. A kotu ma sai an kunna muryar."

Ya canza salo. Ya ce ta kira matar ta ce ta dakata kwana biyu kawai, shi da kansa zai rubuta a mayar wa Pyo muƙaminsa, zai je gidansu ya durƙusa gaban uwarta. Ya ce shi ma yana da jikoki. Hannunsa yana kan gwiwarsa. Hye-rim ta zuba wa hannun ido. Shekara goma sha bakwai tana tunanin yadda wannan lokaci zai kasance, ta ɗauka zai zo da kuka ko da ihu. Sai ta ji daɗi kawai, tsantsar daɗi mai sanyi, kuma ba ta ji kunyar jin sa ba.

"Jedok-nim," ta ce, "irin wannan magana ba a rubuce take ba. Ban san yadda zan yarda da ita ba."

Ta ce wa direba ya tsaya a tashar bas ta gaba, ta sauka da jakarta.

Labarin ya fita kafin jirginsa ya sauka Seoul. Maganar jakada ta mutu a ranar. Rantsuwar ƙaryar ta daɗe har doka ba ta iya kama shi a kanta, amma 'yan jarida suka kafa sansani a ƙofar gidansa, ƙungiyar tsofaffin hafsoshi ta cire hotonsa daga bango, jami'ar da ta ba shi digirin girmamawa ta ce tana sake dubawa. Abin da ya faɗa a mota ma ya tabbata. Ɓangaren Japan ya ce ba zai zo zaman bazara ba, mutanen Ostareliya suka ce sai an gyara tsaro. Maganar kiran gaggawa da aka tafa mata ta koma cikin aljihun tebur. Jaridun tsallaken ruwa suka yi mako guda suna zanen ƙawance mai ƙafa huɗu da ya taka kansa ya faɗi. A talabijin wasu suka kira ta 'ya ta gari, wasu suka ce a binciki wanda ya turo ta. Ƙungiyar tafintoci ta kore ta, kuma ba ta yi musu ba, don ta san ta karya abin da sana'ar ta tsaya a kai. Kotu ta yi mata ɗaurin talala. An buɗe fayil ɗin ubanta, aka ce ana nazari.

Ta koma Tongyeong, tana fassara littattafan injin jirgin kamun kifi da safe, da rana tana taya uwarta a shago. Sai bayan wata goma sha huɗu ta karanta cewa teburin ya sake zama a wani gari a Filifin, da sababbin mutane. Wani masunci mai cin abinci a shagon ya taɓa ce mata a fuska, a wannan shekarar da aka ɓata su ne suka sha wahala a tsakiyar teku, manyan jirage suna ture su babu wanda za a kira. Ta ce ta ji, ta ƙara masa shinkafa. Ba ta ce ya yi ƙarya ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba.

Wata ranar Laraba da tsakar rana, shago cike, wata tsohuwa mai doguwar riga ruwan toka ta shigo ta tsaya bakin ƙofa. Hye-rim ba ta gane ta ba. Uwarta ce ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zane, ta fito.

"Samo-nim," ta ce, yadda matan ƙananan hafsoshi ke kiran matar shugaba. "Kin yi nisa da gida."

Matar Gil ce. Ta ce mijinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya riƙe cokali, amma har yanzu duk wata sai wani ya zo da kyamara. Ta zo roƙo ne, 'yar ta fito ta ce ta yafe, ko za a ƙyale su ya mutu cikin rufin asiri. Tana magana tana kallon ƙasa.

Mal-sun ta ja mata kujera a teburin da ke tsakiyar shago, inda kowa zai gani.

"Shekara tara ina zuwa gidanki duk farkon sanyi in wanke miki kabeji ɗari biyu na kimchi," ta ce. "Hannuna har tsagewa yake yi. Ranar da aka shafa mana fenti na zo ƙofarki, ina ganin inuwarki a taga, kika aiko mai aiki ta ce ba kya nan. Kin tuna?"

"Na tuna."

"To madalla. Na ji tsoron ko kin manta." Ta juya. "Hye-rim, kawo wa Samo-nim miya, babban kwano."

Hye-rim ta kawo. Matar ta ce ba ta jin yunwa. Mal-sun ta ce ta ci, hanya da nisa, ta tsaya a kanta har ta ɗauki cokali. Masu cin abinci suna satar kallo. Matar ta kai cokali uku da ƙyar, sannan ta ɗago ta tambaya ko za su duba roƙonta.

"Ki gaya masa muna nazari," in ji Mal-sun. "Ki sake zuwa farkon shekara."

Wani a teburin ƙarshe ya nemi ƙarin kimchi, Mal-sun ta tafi ta kai masa.